In Ce Wa Inna Daura Za Ni, Alhali Kufena Muka Nufa?

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 24, tela ne ni a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Mu shida ne abokai tun makarantar allo. Mun shirya za mu Zariya a kan mashina uku, mu hau dutsen Kufena, mu ga tsohuwar ganuwar da ake faɗi, mu dawo a ranar. Ni na kawo maganar, ni na tara kuɗin mai, kuma Boxer ɗina na cikin mashinan. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta yi shiru, can ta ce, "Ban hana ka ba, amma raina bai kwanta ba." Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Yanzu abokaina sai tsiya suke mini wai ɗan Inna. Ɗaya ya ce in ce mata ɗaurin aure za mu Daura, tunda da magariba mun dawo, ba za ta taɓa sani ba. Kawu, ban taɓa wuce Kano ba, kuma in na janye tafiyar ta rushe. Ƙaryar da ba za ta cuci kowa ba, ita ma laifi ce?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka buga mashin.

Ina so ka hau Kufena, kada ka ɗauka hana ka zan yi. Yaron da ya tashi yana wuce hasumiyar Gobarau, yana kallon abin da ya rage na ganuwar Katsina gidaje na cinye shi, ya dace ya je ya ga yadda wasu mutanen zamanin da suka jingina tsaronsu da dutse. Masu tarihi na cewa sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, ta matso gindin Kufena, kafin birnin Zariya da muka sani ya tsaya da ƙafarsa. A wannan zancen ne ake ambaton Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, wajen ƙarni na 16. In ka tsaya can sama ka dubi ƙasa, ba ka bukatar malami ya faɗa maka dalilin da ya sa aka zaɓi wurin: babu mahayin da zai tunkaro ka ba ka hango ƙurarsa tun daga nesa ba. Sha'awarka ba shiririta ba ce.

Sai dai tafiyar yadda kuka tsara ta, ko da Inna ta sa muku albarka da hannu biyu, yini guda ba ya ɗaukarta. Ɗauko littafin da kake rubuta awon mutane, mu yi lissafi.

Manyan hanyoyi biyu zan lissafa maka daga Katsina zuwa Zariya. Ko ka bi ta Charanci da Kankiya zuwa Yashe, ka karya ta Malumfashi da Bakori ka faɗa Funtuwa, daga nan Giwa da Shika. Wannan ta doshi kilomita 300. Ko kuma ka bi ta Kano, wadda ta haura 300. Boxer doki ne mai haƙuri, ba na raina shi, amma injinsa ƙarami ne, na kai-komon gari da ƙauye. Da goyo a baya, da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da shan mai, da tsayawa inji ya huce, in kuka ci kilomita 50 a awa guda kun yi ƙoƙari. Awa 6 ke nan a zuwa kawai. Kun fita ƙarfe 6 na safe, kun isa Wusasa, inda dutsen yake, ƙarfe 12 na rana, daidai lokacin da dutse ya ƙoshi da rana. Hawa da sauka da salla da ɗan abin taɓawa, na ba ku awa 3, kuma na yi muku rangwame. Ƙarfe 3 kun juyo. Magariba za ta riske ku kuna wajejen Malumfashi, da sauran rabin hanya a gabanku cikin duhu, da fitilar mashin. Wannan fa in ba a yi faci ko ɗaya ba. Mashina uku, taya shida, kilomita kusan 600: wanda ya ce maka ba za a nemi mai faci ba bai taɓa doguwar tafiya ba.

To ina "da magariba mun dawo" ɗin ta shiga?

Ba ni ne zan ba ɗan Katsina labarin abin da dare yake nufi a hanyoyin kudancin jihar nan ba. Da wayonka aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a watan Disambar 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana hawan mutum uku a mashin ɗaya, ta hana sayar da mai a jarka, ta dakatar da cinikin tsofaffin mashina a kasuwar Charanci. Dubi yadda dokar ta yi ta komawa kan mashin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, da shi ɓarayin daji ke shiga da fita. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana tsananta su, kuma kowace jiha da nata, Kano ma tun Janairun 2013 ta hana acaɓa a cikin birni. Abin da nake so ka hango da idon zuci shi ne samari shida, baƙin fuska, a mashina uku jere da juna, suna shigowa gari da dare. Kai ka san tela ne kai. Ɗan sintirin da ke bakin ƙauye da harba-ka-ruga a hannu, wanda ya kwana uku bai runtsa ba, bai san wannan ba. Tsoro biyu ne a kanku: na ɓarayi, da na waɗanda za su ɗauka ku ne ɓarayin.

Inna ba ta yi wannan lissafin da alƙalami ba. Ranta ne ya yi mata shi, kuma ya fito daidai.

Yanzu mu zo kan ƙaryar da ka ce ba za ta cuci kowa ba. Kai za ta fara cuta. Daura na gabas, tafiyar kimanin kilomita 80 ta Mashi. Zariya na kudu. A ce an yi isha'i ba ka shigo ba, wayarka ta mutu ko ba sabis. Inna za ta aika a kira ƙanin mahaifinka, ya nemo mota ya bi hanyar Mashi yana leƙa asibiti yana tambayar masu shayi ko sun ga samari a mashin, kai kuwa kana can wata nahiya dabam. In abu ya faru a hanya, Allah Ya kiyaye, awannin farko su ne masu tsada, ku kuma kun zubar da su tun kafin ku bar gida. Matafiyin da gidansu ba su san inda ya nufa ba, ko ba a sace shi ba ya riga ya ɓata.

A ce kuma lafiya lau kuka dawo. Samari shida a saman Kufena, kana tsammanin babu wanda zai ɗora hoto a WhatsApp ko TikTok? Ranar da ƙanwarka ta miƙa mata waya ta ce "Inna kin ga Yaya," ba faɗa za ta yi maka ba. Uwar da ke cewa "ban hana ka ba" ba mai faɗa ba ce. Shiru za ta yi. Amma daga ranar, ko kasuwa ka ce za ka sayo zare, sai ta auna maganar a ranta. Ƙannenka kuma sun ga yadda babban gida ke fita in an ce masa a'a.

Ka sake sauraren abin da ta faɗa. Tana da ikon ta ce ba za ka ba, magana ta ƙare, kuma ka san da ta faɗa da ba ka rubuto mini ba. Ba ta faɗa ba. Ta dube ka a matsayin wanda ya gaji mazaunin mahaifinsa, ta miƙa maka linzami, ta gaya maka abin da ke cin ranta. Abokanka sun ji rabin farko suka ce ƙofa a buɗe take. Rabi na biyun ne maganar. Mutumin da ya zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman izinin fita jihadi, tambayar da aka yi masa ita ce ko iyayensa na raye, da ya ce e aka mayar da shi gare su. Jihadi ke nan, balle hawan dutse.

Batun "ɗan Inna" kuwa, kada ya hana ka barci. Kowa ɗan innarsa ne. Shi mai tsokanar, bari ƙafarsa ta gurɗe a saman dutse ka ji sunan da zai fara kira.

Bari in ba ka labarin nawa hawan, don ka san dutsen da kake buri. Ina ɗalibi a Samaru muka je, mu huɗu, ni da silifas a ƙafa da gorar ruwa guda da muka ce ta ishe mu duka. Daga nesa Kufena kamar ƙwarya a kife, sai ka ce da gudu za ka haye. Hawan bai ba ni wuya ba, ƙuruciya na ɗibata, har ina yi wa na baya dariya. A saukowa na gane kurena. Gumi ya jiƙa tafin ƙafata, silifas na zamewa gefe, ƙafa na nan takalmi na can. Wani falalen dutse da na haye a tsaye ina surutu, da na juyo na dube shi daga sama sai gwiwata ta ce ba da ita ba. Na cire silifas na taka da ƙafa, dutsen ya gasa ni kamar tanda. A zaune na sauko, ina jan jiki kamar mai koyon rarrafe, wando ya yage ta baya, tafin hannu ya saluɓe. Wani yaro mai kiwon awaki na tsaye a ƙasa yana kallona, bai ce uffan ba. Sai da na iso gabansa ya ɗaga sandarsa ya nuna mini wata 'yar hanya ta gefe, wadda awakinsa ke bi suna hawa suna sauka. Ruwanmu kuwa tun a sama ya ƙare. Ban taɓa jin ɗaci a maƙogwaro irin na ranar ba, kaina na sarawa har washegari.

Ni daga Samaru na zo, nan kusa, da ƙarfina cikakke. Ku za ku zo ne bayan awa 6 a kan sirdin mashin, cinya ta sage, ƙugu ya riƙe, hannu na rawa saboda girgizar kan mashin. Da wannan jikin za ku hau, da abin da ya rage na jikin kuma mutum uku za su tuƙa wasu awa 6 ɗauke da ran mutum uku. Ni dawowar nan ta fi ba ni tsoro a kan dutsen. Gyangyaɗi a kan mashin ba ya sallama, kuma hanyar ta manyan motoci ce.

Don haka shawarata, ka raba mashin da dutse. Buri biyu ne kuka cusa a buhu ɗaya, shi ya sa bakinsa ya ƙi ɗauruwa.

Kufena ku je mata a motar haya. Ku shiga tasha kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar ku tambayi direbobin layin wace hanya suke bi a makon, don su ne ke da labarin da ya fi na rediyo sabunta. Ku tashi da safe, ku isa da rana tsaka, ku kwana. Wurin kwana ba zai gagara ba, ko a unguwarku aka bincika da wuya a rasa mai ɗa ko ƙani da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko wata makarantar Zariya. Da an sallame asuba gari ya waye ku kama dutse yana da sanyinsa, kafin ƙarfe 11 kun sauko, ku kamo hanya ku shigo Katsina da sauran rana. In lokaci ya ƙure, ku ƙara kwana, kunyar mai masauki ta fi sauƙi a kan tafiyar dare. Kuɗin man da ka tara shi ne farkon kuɗin mota, kowa ya cika nasa.

In kun isa gindin dutsen kada ku faɗa masa kamar gonar gado. Akwai mutane a wurin. Ku yi sallama, ku gai da dattawan da kuka tarar, ku nemi wani ɗan unguwar ya yi muku jagora ku ba shi na goro. Abin da yaron nan mai awaki ya nuna mini da sanda, da na tambaya tun farko da wandona ya tsira. Takalmi kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, ba silifas ba, ba kuma takalmin zuwa Juma'a mai sulɓi ba. Kai tela ne, na san za ka so ka caɓa ado saboda hoto, amma doguwar riga na harɗe ƙafa, ka bar ta a masauki. Kaya a jakar goyo, hannu biyu a sake. Ruwa kowa da nasa, aƙalla lita 2, wato ledar fiya-wata huɗu, ku riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ku, ku kuma dawo da ledojinku ƙasa. Kada ka zura hannu a tsagin dutsen da idonka bai ga cikinsa ba, nan maciji da kunama ke fakewa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a ɗauke shi sai asibiti, ga asibitin koyarwa nan a Shika. Ƙudan zuma ma na son kogon dutse, don haka ranar a haƙura da turare, kuma kada mai ƙarambani ya yi jifa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina falalen dutse in ya jiƙe ya zama sabulu, ga tsawa, wadda ba ta da abin nema irin mutum a tsaye a wuri mai tudu. Maris da Afrilu zafi ne na fitar hankali. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai ranar da hazo ya sauka za ka sha wuyar hawa ka ga fari fat.

Abu ɗaya kuma da samari ba sa son ji: mafi rauni a cikinku shi ke yanke gudun tafiya. In ɗaya ya ce jiri yake ji ko ƙirjinsa na bugawa, an tsaya ke nan, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ce "jira mu nan." Tunda kai ka tara jama'a, kai za ka zauna da shi ko da ba ka ga ƙololuwa ba. Hoto a bakin gaɓa kuma, a ja baya taku uku, hoton bai san bambanci ba. In kuka ci karo da tsingaro ko wani abin mutanen da, ku kalla ku bar shi inda yake, kada kuma a rubuta suna da fenti a jikin dutse. Ina jin haushin wannan ɗabi'ar ƙwarai.

Shi kuma ƙaiƙayin mashin, ku sosa shi da Daura ɗin ta gaskiya. Kilomita 80 zuwa, 80 dawowa, ku ga rijiyar Kusugu da ƙofar fada, ku ci abinci, kafin la'asar kuna gida. Wata ranar ku leƙa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tuddan kaburburan sarakunan farko suke, a bayan gidanku amma na tabbata cikin ku shida da wuya a samu biyu da suka taɓa zuwa. A irin wannan tafiyar za ka san wane ne ke tsere da mota, wane ne ke tuƙi yana duba waya, wane ne kuma bai san ana canza baƙin mai ba. Kafin ku fita bakanike ya duba sarƙa da birki da taya da fulogi, takardun mashin a aljihu, hular kwano a kai har da na goyo. Tun Janairun 2009 aka fara tilasta ta a ƙasar nan muna yi mata dariya, masu aiki a ɗakin haɗari na asibiti su ba sa dariyar. Ka tuna kuma Boxer ɗin nan da shi kake kai ɗinki kake sayo yadi, ba kai kaɗai ke cin abincinsa ba.

Sai ka koma wurin Inna, ba a tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu ba. Bayan isha'i, ƙanne sun kwanta, ka zauna ƙasa ka ce, "Inna, maganar da kika yi ta tsaya mini. Me ya fi damun ki, hanyar ko dutsen?" Ka yi shiru ka bar ta ta faɗa, wataƙila abin da ke ranta ba ya cikin duk abin da na lissafa. Sannan ka shimfiɗa mata sabon tsarin: a mota za mu, gidan wane za mu kwana, ga lambarsa, ga sunayen waɗanda za mu tafi da su, zan kira in mun isa, zan kira in mun sauko. In mai masaukin zai gaishe ta a waya da bakinsa, ya fi. Sau da yawa abin da ake kira hani, rashin sanin inda ɗa zai kwana ne.

In ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ka tafi da ranka fes. In kuma har yanzu ta ce ranta bai kwanta ba, ka bar ta a bana. Kufena na nan tun kafin Bakwa, ba za ta tashi kafin baɗi ba. Ka mayar wa kowa kuɗinsa cif, a gaban juna, don kada maganar ɗan Inna ta koma maganar kuɗin mai. Ka nuna musu lissafin awannin nan, ina kyautata zaton biyu ko uku za su yi ajiyar zuciya a ɓoye, don su ma ba su san yadda za su janye ba ne.

Shi kuma wanda ya kawo shawarar ɗaurin auren Daura, ka tambaye shi me ya gaya wa tasa innar.